SAYEN KEKEN TSERE NA HANNU: JAGORA GA SABON SHIGA

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya tashi daga kimanin naira 190 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ya haye naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan ya sa mutane da yawa suka sake tunawa da keke. Malamai, ma'aikatan asibiti da ɗaliban jeka-ka-dawo, kowa yana lissafin abin da yake kashewa a kan mota da acaɓa kowane wata. Cikin masu neman keke akwai matasa waɗanda idonsu yake kan keken tsere, wato siririn keken nan mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. Sabonsa yana da tsada ƙwarai, saboda haka yawancinmu na hannu za mu iya saya.

Sayen na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne hikima. Amma kuɗin da mutum ya yi wata da watanni yana tarawa, ko wanda iyaye suka sayar da hatsi suka ba shi, yana iya salwanta cikin rabin sa'a a kasuwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, keken da ya karye a gangara yana iya kai mai shi asibiti, keken sata kuma yana iya kai shi ofishin 'yan sanda. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana abubuwan da za a duba, ɗaya bayan ɗaya, kafin a miƙa kuɗi.

Mene Ne Keken Tsere?

Keken da iyayenmu suka sani shi ne baƙin keken nan mai kariya da madigadi, irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin, da Hero na Indiya. Giyarsa ɗaya ce, nauyinsa yakan kai kilo 18 zuwa 20, an kuma yi shi domin ɗaukar kaya da jure wahala. Keken tsere kuwa an yi shi ne domin gudu a kan kwalta. Na masu koyo yakan yi kilo 10 ko 11, na gwanaye kuma ya fi haka sauƙi, har ma hukumar tseren keke ta duniya ta kafa doka cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8. Tayoyinsa sirara ne, giyoyinsa da yawa, mai tuƙi kuma yakan sunkuya domin ya rage bugun iska.

Irin wannan keke ne ake hawa a babbar gasar Faransa mai suna Tour de France, wadda aka fara a 1903, inda ake yin mako uku ana tseren sama da kilomita 3,000. A Afirka ta Yamma akwai Tour du Faso ta ƙasar Burkina Faso, wadda aka fara a 1987. A shekarar 2024 Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya ya ci zango uku a gasar Faransa, ya kuma ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Wannan ya nuna mana wasan ba na Turawa kaɗai ba ne.

Ko Shi Ne Ya Dace Da Kai?

Kafin ka tafi kasuwa, ka zauna ka tambayi kanka wace hanya za ka riƙa bi. Idan hanyarka daga gida zuwa makaranta ko wurin aiki kwalta ce mai kyau, mai nisan kilomita 10 ko 20, keken tsere zai kai ka da sauri ba tare da yawan gajiya ba. Amma idan burji ce, ko yashi, ko hanyar gona mai tsidau da ƙaya, siririyar taya za ta nutse a yashi, za ka kuma zama abokin mai faci na kullum. A irin wannan hanya keken dutse mai faɗin taya ya fi.

Ka tuna kuma yawancin kekunan tsere ba su da kariya. Ba za su ɗauki buhun masara ba, ba za su ɗauki ƙanenka zuwa makaranta ba. Ba su da madigadi, saboda haka da damina taɓo zai yi maka zane a bayan farar riga. Ba su da murfin kaca, sai ka naɗe ƙafar wando ko ka ɗaure ta. Wanda yake bukatar keken aiki kada ya sayi na tsere don kawai ya burge abokai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Inda Ake Samunsa

Hanya ta fari ita ce wurin 'yan kasuwa masu sayar da kekunan da aka shigo da su daga Turai, Amurka da Jafan cikin kwantena. Su ne muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, saboda kayan hannu da yawa sun daɗe suna tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Beljiyam suna sauka a Kwatano ko Legas. Ana samunsu a manyan garuruwa kamar Kano, Kaduna da Jos. Amfanin wannan hanya shi ne za ka ga kekuna da yawa ka zaɓa, mai shago kuma yana nan gobe idan wata magana ta taso. Sai dai shi kansa bai san tarihin keken ba.

Hanya ta biyu ita ce wurin mutumin da ya hau keken da kansa, kamar maƙwabci ko abokin aiki. Wannan yana iya gaya maka shekarun keken da abin da aka canja a jikinsa. Hanya ta uku ita ce ta tallar intanet, irin ta Facebook da WhatsApp. A nan shawararmu ɗaya ce: kada ka aika ko kwabo kafin ka ga keke da idonka, ka taɓa shi da hannunka. Hoto ba ya nuna tsagewa. Ba a cinikin biri a sama.

Ko ta wace hanya ka bi, ka tafi da rana tsaka sa'ad da haske yake da kyau, ka kuma ɗauki wanda ya san keke. Abin da za ka ba makanikin keke domin ya raka ka bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da zai tsare maka ba.

Girman Keke

Wannan shi ne abu na fari, gama kusan kome a jikin keke ana iya canja shi, ban da girman firam. Keke kamar takalmi yake, wanda ba naka ba ne zai ji maka ciwo kome kyansa. Ana auna firam ɗin keken tsere da santimita, sau da yawa kuma lambar tana rubuce a jikin bututun da sirdi yake shiga. Ga kimantawa:

Mai tsawon santimita 160 zuwa 168, firam 50 zuwa 52.
Mai tsawon 168 zuwa 175, firam 52 zuwa 54.
Mai tsawon 175 zuwa 183, firam 54 zuwa 56.
Mai tsawon 183 zuwa 190, firam 58 ko kusa da haka.

Kamfanoni sukan bambanta a wajen awo, domin haka gwaji ya fi lamba. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami sarari kamar faɗin yatsa biyu tsakaninka da sandar sama. Sa'an nan ka zauna a sirdi ka kama kan keken a bisa birki. Idan sai ka miƙe hannu sarai kafin ka kai, keken ya yi maka tsawo, wuyanka da bayanka za su biya bashin. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe.

Muna jan kunnen iyaye a nan. Mun saba saya wa yaro riga mai girma domin ya girma a cikinta. Ba a yin haka da keken tsere. Yaron da yatsunsa ba su kai birki sosai ba yana cikin hatsari tun ranar fari.

Tsawon sirdi kuwa ana gyara shi. Ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da take can ƙasa, ƙafarka ta miƙe daidai ba tare da ka karkata ba. Masu son lissafi suna iya auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa matsematsi su ninka da 0.883. Misali, mai ƙafa santimita 80 zai sami kimanin santimita 70 da rabi, daga tsakiyar sandar da fedoji suke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. A jikin sandar sirdi akwai layin da aka zana, wanda bai kamata ya fito waje ba. Idan sai an wuce layin nan kafin sirdi ya yi maka daidai, keken ya yi maka ƙanƙanta.

Firam Da Fok

Firam shi ne ƙashin bayan keke. Iri uku za ka fi tararwa. Na ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, yana kuma yin tsatsa, amma yana da daɗin hawa a hanya mai gargada, mai walda na gari kuma yana iya gyara shi. Na alminiyam ba shi da nauyi, ba ya irin tsatsar ƙarfe, amma idan ya tsage gyaransa yana da wuya, gama walda takan raunana shi. Na kabon shi ne mafi sauƙi da tsada. Matsalarsa ita ce yana iya samun rauni a ciki wanda ido ba ya gani, ya kuma karye farat ɗaya ba tare da ya lanƙwashe ya ba da gargaɗi ba. Ga sabon shiga mai sayen na hannu, shawararmu ƙarfe ko alminiyam.

Ka share ƙura da tsumma ka duba kowace mahaɗa. Siririn layi kamar gashi a gefen walda tsagewa ce, ba zanen fenti ba. Ka sa yatsa ka shafa ƙarƙashin sandar sama da ta ƙasa, dab da wuyan keken. Idan ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tattare kamar fatar tsoho, keken ya taɓa yin karo da gaba. Ka dubi fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da yake riƙe da wilin gaba, ta gefe. Idan ya koma baya zuwa wajen firam, shi ma shaidar karo ce. Sa'an nan ka tsuguna a bayan keken ka hanga, wilin baya da na gaba su kasance kan layi ɗaya.

Tsatsa ta sama wadda ake kankarewa ba abin tsoro ba ce. Amma wadda ta tasa fenti ta yi ƙuraje, musamman a ƙasan firam inda ruwa yake kwanciya, tana iya nuna cewa ƙarfen ya ci daga ciki. Sabon fenti ma abin tambaya ne. Me aka rufe da shi? Kada tambari ya ruɗe ka, gama ana sayar da takardun mannawa masu sunan Trek, Giant, Bianchi ko Peugeot, kowa kuma yana iya manna su a kan kowane ƙarfe. A ƙarshe, ka sa a kwance sandar sirdi a gabanka a motsa ta. Idan ta daɗe ba giris takan manne da firam, wani lokaci har ba ta fita sai an lalata wani abu.

Wili Da Taya

Ka ɗaga gaban keken ka juya wili, kana duban tsakanin rim da robar birki. Idan yana ɗan rawa kaɗan, makaniki zai daidaita shi da ɗaure wayoyi. Idan yana tsalle sama da ƙasa, ko rim ya loɓa, sai sabon rim. Ka matsa wayoyin biyu biyu da hannu ka ji ko akwai sakakku ko karyayyu. Ka kama wili ka girgiza shi gefe da gefe. Idan yana ƙwas-ƙwas, boris ya saki ko ya ci. Ka kuma shafa gefen rim inda birki yake kamawa. Idan ya zama kwari kamar cokali, birki ya cinye shi, yana kuma iya fashewa sa'ad da aka cika iska.

Ga wani abu da yake ruɗa mutane da yawa. A gefen kowace taya akwai lamba. Kekunan tsere na zamani suna ɗaukar taya mai lamba 700C, wadda ake kuma rubutawa kamar 25-622 ko 28-622. Lambar fari faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim. Tsofaffin kekunan tsere na Ingila, Amurka da Jafan da yawa suna da taya inci 27, wadda lambarta 630 ce. Baƙin keken iyayenmu kuwa, mai inci 28, lambarsa 635 ce. Bambancin 'yan milimita ne kawai, amma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Saboda haka kafin ka saya, ka tambayi masu sayar da kayan keke a garinku wace taya suke da ita. Keken da za a yi tafiyar kilomita 200 kafin a sami tayarsa zai ƙare a jingine a bayan ɗaki.

A kan hanyoyinmu, taya mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi mai 23 sauƙin hawa da jure rami, idan firam yana da sararin ɗaukarta. Ka duba gefen taya, gama rana da daɗewa sukan sa roba ta tsattsage ko da haƙoranta ba su ci ba. Ka lura da bawul kuma. Yawancin kekunan tsere suna da siririn bawul da ake kira Presta, wanda famfon mai faci na bakin hanya ba ya kamawa sai da ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla. Ka saye shi tun ranar, ka ajiye a aljihu. Siririyar taya tana son iska mai ƙarfi, adadin kuma yana rubuce a gefenta. Mai hawa da saƙaƙƙiyar taya, da ya faɗa rami sai rim ya tsunkule tub a wuri biyu.

Kaca Da Giya

A nan ne kuɗi yake ɓuya. Tsakanin ƙusa da ƙusa a jikin kacar keke rabin inci ne. Saboda haka idan ka ɗora tef ɗin kafinta a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar a sabuwar kaca. Idan ƙusar ta wuce alamar da milimita ɗaya da rabi, kaca ta isa canji. Idan ta wuce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canja su tare, gama sabuwar kaca takan yi tsalle a kan tsofaffin haƙora. In ba ka da tef, ka ja kaca da yatsa daga gaban babban faranti. Idan ta ɗago har ka ga haƙori a fili, ta tsufa. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya su ma sun gama aiki.

Yawancin kayan giyar da za ka gani na kamfanin Shimano ne na Jafan, wanda aka kafa a 1921. A kekunan hannu za ka ga sunaye kamar Claris mai faranti 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sa'an nan 105, Ultegra da Dura-Ace na gwanaye. Sabon shiga ba ya bukatar na sama. Mai faranti 7, 8 ko 9 ya wadatar, kacarsa ta fi kauri da araha, ta kuma fi sauƙin samu. Akwai kayan Campagnolo na Italiya da SRAM na Amurka masu kyau, amma ka tabbata za ka sami kayan gyaransu kafin ka saya.

Tun 1990 Shimano ya fara haɗa abin canja giya da hannun birki wuri ɗaya. Wannan yana da daɗin aiki, amma idan ya lalace gyaransa da wuya, sabonsa kuma yana iya cin rabin kuɗin keken. Ka gwada shi sosai, kowane danna ya ba da ƙara ɗaya, kaca ta matsa faranti ɗaya. Tsofaffin kekuna masu 'yan sanduna biyu a jikin firam ba su da kyan gani kamar na zamani, amma da wuya su lalace, kowane makaniki kuma ya iya su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Waɗanda suke zaune a ƙasa mai tuddai, kamar Jos, Pankshin ko Biu, su ƙirga haƙora. Da'irar wilin 700C kimanin mita 2.1 ce. Tsohon keken tsere yakan zo da faranti mai haƙora 52 da 42 a gaba, mafi girma a baya kuma 21 ko 23. Da 42 a gaba da 21 a baya, kowane juyin feda yana juya wili sau biyu, wato mita 4.2, a kan tudu kuwa wannan aiki ne na ƙaƙƙarfa. Keken zamani mai 50 da 34 a gaba, da 32 a baya, yana tafiya kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya, saboda haka nauyin da ƙafa take turawa ya ragu kusan rabi. Wanda ya sayi na farin a ƙasar tudu zai riƙa sauka yana turawa.

Birki, Wuya Da Feda

Ka matsa kowane birki. Hannun bai kamata ya taɓa kan keken ba, idan ka saki kuma ya koma da kansa. Robar birki da waya ba su da tsada, amma ka sa su cikin lissafi. Wasu kekunan zamani suna da birki mai faifai a tsakiyar wili, waɗansu na waya, waɗansu na mai. Na mai yana kamawa ƙwarai, sai dai ba kowane makaniki ne yake da kayan aikinsa ba.

Ka lura da wannan da kyau: kekunan da suka fito daga Ingila da Jafan yawanci birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa yana hannun hagu. Ka san wanne ne naka kafin ka hau. Wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangara yana tsammani na baya ne, zai tashi ta saman kan keke.

Sa'an nan ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Idan ka ji ƙwanƙwasa a wuya, boris ɗin wuya ya saki. Ka kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, kada ya yi motsi. Idan keken ya zo da ƙananan fedoji masu kama takalmi na musamman, ka sa a canja maka da na kullum. Ka gaya wa mai kwancewa cewa fedar hagu a juye take ɗaurewa, gama da yawa sun lalata zare saboda rashin sanin haka. Wilin keken tsere kuma sau da yawa da ɗan hannu ake ɗaure shi maimakon noti. Ka koyi rufe shi da ƙarfi, ka kuma sani ɓarawo yana iya cire wilin cikin ƙiftawar ido.

Bayan duk wannan, ka hau. Mai sayarwar da ya hana gwaji yana da abin da yake ɓoyewa. Ka bar abokinka a wurinsa, ka yi minti goma kana canja kowace giya, kana taka feda da ƙarfi, kana kasa kunne. Idan ka sassauta hannu keken ya ja gefe ɗaya, firam ko fok ya karkace. Ka mayar masa da abinsa.

Kayan Sata

Kowane keken kamfani yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfe, yawanci a ƙarƙashin firam inda fedoji suke haɗuwa. Ka kifar da keken ka karanta ta. Idan an goge ta da zarto ko an cike ta da fenti, kada ka saya ko da kyauta ce. Haka nan idan kuɗin ya yi araha fiye da hankali, ko mai sayarwa yana gaggawa, ko ya ce ku haɗu da dare a bayan tasha, ko bai san yadda ake canja giyar keken da ya ce nasa ne ba.

Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa, hukuncinsa kuma ya haɗa da ɗauri. Ko wanda ya saya cikin rashin sani, idan mai keke ya gane abinsa, zai rasa keke, ya rasa kuɗi, ya kuma sha tambayoyi. Ga ɗalibi, wannan yana iya ɓata sunan da ya yi shekara shida yana ginawa. Ban da doka ma, keken nan na wani ne wanda shi ma da guminsa ya saya, mai saye kuma shi ne yake ba ɓarawo ƙarfin komawa gobe. Abokin ɓarawo, ɓarawo ne.

Saboda haka ka karɓi rasit. A rubuta kwanan wata, sunan mai sayarwa da naka, irin keken, launinsa, lambar firam da kuɗin da aka biya. Idan a hannun mutum ka saya ba a shago ba, a sami shaidu biyu su sa hannu, kamar mai unguwa, malami ko wani dattijo da aka sani. Ka ɗauki hoton keken da lambarsa ka adana.

Ciniki Da Lissafi

Kada ka kai dukan kuɗinka wurin mai keke. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu domin abin da zai biyo baya: taya ko tub, kaca, robar birki, wayoyi, giris da ladan makaniki, sa'an nan hular kwano, kwado mai ƙarfi, famfo, kayan faci da fitila. Ka zaga shago uku ko huɗu ka ji farashi kafin ka yi tayi. Duk aibin da ka gani ka faɗe shi da ladabi, ka nemi a rage kuɗin gyaransa. Aibi iri biyu ne. Taya, kaca, birki da sirdi abin ragi ne. Tsagaggen firam, lanƙwasasshen fok, gogaggiyar lamba da girman da ba naka ba kuwa abin tafiya ne, kome arahar. Idan dillali ne ya haɗa ku, a yi maganar la'adarsa tun da fari. Kada ka ji kunyar tafiya hannu wofi, kwantena ba ta ƙarewa.

Bayan An Saya

Kafin ka fara hawa, ka kai shi wurin makaniki a kwance boris a sa sabon giris, gama keken da ya yi watanni a cikin kwantena ko a rana ya bushe. Ka koyi hawansa a filin makaranta ko wata hanya marar motoci, hannunka a bisa birki, har ka saba da saurin juyawarsa. Ka fara da kilomita 5, ka riƙa ƙarawa mako mako. Ciwon zama na kwanakin fari yakan wuce, amma ciwon gwiwa alama ce cewa sirdi bai daidaita ba.

A kan titi, tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, mai keke ma haka, ba ya fuskantar motoci. Ka sa hular kwano, ka sa riga mai haske, ka ba da alama da hannu kafin ka juya, kada kuma ka toshe kunne da waƙa. Da hunturu ƙura takan haɗu da mai ta zama kamar yashi a jikin kaca, saboda haka ka riƙa share ta kana ɗiga mai kaɗan, ka goge sauran. Baƙin man inji da aka juye daga mota yana tara datti, ba ya yi wa kaca kirki.

Kammalawa

Abubuwan da muka lissafta suna da yawa, amma mai bin su da natsuwa zai gama cikin rabin sa'a. Ka fara da hanyar da za ka bi, sa'an nan girma, sa'an nan firam da lambarsa. Idan waɗannan sun yi, sauran duk abin gyara ne da ciniki. Muna roƙon ɗalibai su nuna wa iyayensu wannan shafi kafin a je kasuwa, malamai da 'yan'uwa da suka san keke kuma su yarda su raka na baya. Keken ƙarfe da aka zaɓa da kyau, aka kuma kula da shi, yana iya kai ɗalibi ƙarshen karatunsa, ya bar wa ƙanensa. Allah ya ba da sa'ar saye, ya kiyaye hanya.